Kafin Ku Shafa Gam

'Ya'yana ɗalibai, duk zangon da malamin fasaha ya ce kowa ya je ya tattaro tarkace, tsofaffin ƙarafa da gwangwanaye da guntayen katako, ya harhaɗa su ya fito da abin kallo mai tsayuwa da kansa, an san abin da zai biyo baya. A aji za a kwashe da dariya, a ce malam ya mayar da mu 'yan jari-bola. A gida kuma Mama za ta ga buhu a bayan ƙofa, ta tambayi wanda ya kwaso mata bolar da ta share da safe. Daga nan sai a watsar da aikin har daren da za a wayi gari a kai shi. A daren ne ake kwashe duk abin da hannu ya kai, a zazzaga masa gam, a fesa fenti ruwan azurfa, a kai wa malam haɗin gambiza a karɓi maki. Ina so in tare ku ne tun ba ku kai nan ba.

A 1942, birnin Faris yana hannun sojojin Jamus, mai fasaha Pablo Pikaso ya ɗauki tsohon sirdin keke da kan keke, ya ɗora wannan a bisa wancan. Sirdin ya zama fuskar bijimin sa, ga faɗin goshi ga tsukakken hanci, kan keken kuma ya zama ƙahoni. Iyakar aikin ke nan. Bai sassaƙa komai ba, bai ƙara ido ko kunne ba. Yau da wuya a buɗe littafin tarihin fasahar ƙarni na 20 a rasa hoton wannan kan sa. Ku duba rumfar kowane mai faci a bakin titi, abubuwan nan biyu suna nan a jibge, ana tsallake su safe da yamma. Pikaso ya tsaya ne ya dubi sirdi har ya ga abin da ke cikinsa. Kuma daɗin aikin shi ne mai kallo yana ganin bijimi, yana kuma ganin keke, a lokaci guda. Da ya lulluɓe su da laka ya gyara musu fuska har keken ya ɓace, da ya kashe aikin da hannunsa. Zuwa 1961 wannan hanya ta yi ƙarfin da babban gidan nune-nunen fasahar zamani na birnin Niyok ya shirya mata baje koli ita kaɗai.

Sai dai ku ba baƙin wannan aiki ba ne. Wanda ya taɓa feƙe ɓawon kara ya soke shi a totuwa ya yi mota, ko ya yanka tsohon silifas ya fitar da tayoyi huɗu, ko ya lanƙwasa waya ya yi wa motar gwangwani dogon sitiyari yana tuƙa ta a tsaye, ya riga ya san rabin abin da malam yake nema. Haka wadda ta taɓa yi wa 'yar tsana zane da kallabi da ƙyallen da ta tsinto a shagon tela. Manyanku ma da haka suke cin abinci. Aci-balbal daga gwangwanin madara ake yin ta, guga daga tsohon tif, takalmi daga taya, murhun gawayi daga wilin mota. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai inda ake narka tarkacen alminiyam a zuba tukwane, ya san a wurinmu ƙarfe ba ya mutuwa sau ɗaya.

Bambancin ɗaya ne. Mai yin aci-balbal so yake ka manta da gwangwanin ka ga fitila. Ku kuwa an sa ku yin abin da ba za a kunna ba, ba za a ɗebi ruwa da shi ba, kallonsa za a yi. To, me zai tsayar da mai kallo? Amsar tana jikin tarkacen. Kowane abu da kuka tsinto ya yi rayuwa kafin ya zo hannunku. Wani ya saye shi, ya more shi, ya lotsa shi, ya gyara, ya gaji ya yar. Wannan tarihin shi ne jarinku, kuma kyauta kuka same shi. Mai aiki da laka ko siminti shi zai sa wa kayansa magana. Ku naku kayan da maganarsu suke zuwa, in dai ba ku toshe musu baki ba.

Ku ɗauki Romuald Hazoumè, mutumin Porto-Novo a Jamhuriyar Binin, wanda aka haifa a 1962. Duk wanda ya san iyakarmu da Binin ya san samarin da ke ɗaure jarkokin fetur a babur, gaba da baya da gefe, su tsallaka da shi daga Nijeriya. Har gasa jarkar ake yi a wuta don ta kumbura ta ƙara cin mai, shi ya sa takan yi laushi ta fashe, kuma mutane da yawa sun ƙone a wannan hanya. Hazoumè ya riƙa yanke saman waɗannan jarkoki yana kafawa a bango. Mariƙin ya zama hanci, bakin da ake zuba mai ya zama baki a buɗe. Ba ya goge musu datti, ba ya share alamar da mai jarka ya yi da fenti don ya gane tasa. A wani babban aikinsa ya jera irin waɗannan fuskoki 304 a ƙasa, a matse, yadda wani sanannen zanen ƙarni na 18 ya nuna an jera bayi a cikin jirgin ruwa. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya nuna shi a 2007, shekara 200 cif bayan majalisar ƙasar ta haramta fataucin bayi. Ku yi tunani, da sababbin jarkoki ya sayo a kasuwa, ko da katako ya sassaƙa fuskokin ya goge su sumul, ina maganar za ta fito? Wahalar da jarkar ta sha a hanya ita ce take magana a kan wahalar mutane.

A Mozambik kuma, da yaƙin basasa ya ƙare a 1992, bindigogi sun cika ƙasa, wasu a binne a gonaki. A 1995 wani limamin coci, Dinis Sengulane, ya jagoranci shirin da mutum zai kawo bindiga a ba shi fartanya ko keken ɗinki ko keken hawa ko kayan gini. Bindigogin aka yayyanka, aka ba masu fasaha wasu. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Kester, ya yi waldar kujerar sarauta da su a 2001. Kujera ce kawai, mai ƙafa huɗu da majingina. Amma mulkin da aka kafa a kan bindiga ba ya bukatar wani ƙarin bayani in ka gan shi haka, balle a ƙasar da har a tutarta akwai hoton bindiga.

Saboda haka, kada ku fara da buɗe waya kuna neman hoton abin da yaran wata ƙasa suka yi don ku kwaikwaya. Shi ya sa kowace shekara ake cika teburin malam da mutum-mutumin inji mai idon marfin kwalba, guda ashirin duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Kayan aro ba ya ado. Ku fara da zagaya unguwarku, ku ga me take yawan zubarwa. Unguwar da ke kusa da tasha tana zubar da filogin babur da kaca da fasasshen madubi. Ta kusa da masu gyaran waya tana zubar da fasassun gilasai da matattun caja. Bayan makaranta akwai marafen biro da karyayyun ƙafafun benci. Bayan ruwan sama kwata tana amayar da silifas wari-wari da ledar fiya wata. A ƙauye akwai ruwan fartanya da ya cinye, da lauje, da fasasshiyar ƙwarya mai ɗinki, da tsohon akushi. Kowanne daga cikin waɗannan yana faɗin yadda mutanen wurin suke rayuwa. Ku zaɓi iri ɗaya ko biyu. In kun tara, ku wanke, ku baza a tabarma, ku bar su kwana biyu ko uku kuna juya su, ku kifa wannan, ku tsayar da wancan, ku kusanta biyu ku raba. Gam yana nan, ba inda za shi.

Aikin ɗalibi da ya fi zauna mini a rai na wata yarinya ne 'yar babbar sakandare. Marafen jarka ta tara, mafi yawa ruwan ɗorawa, kaɗan shuɗi da baƙi, sai tsohon kan famfo da ta samu wurin mai gyaran famfo. Ta kafa kan famfon a guntun bututu a ƙarshen wani dogon katako, sannan ta bi marafen da ƙusa ɗaya bayan ɗaya, layi mai lanƙwasa yana tafiya zuwa gindinsa. Can baya layin a natse yake, tazara daidai. Yana matsowa yana cushewa, har a gindin famfon marafen suka hau kan juna, wani a kife, wani a karkace. A tsakiyar layin kuma, a gurbin marfi ɗaya, sai ta ajiye dutse. Duk wanda ya taɓa kama layi da asuba ya tafi ya dawo ya san aikin wannan dutse. Matan da suka zo ranar iyaye sun tsaya a kansa suna dariya, kowace tana nuna inda take tsayawa. Babu mutum ko ɗaya a cikin aikin, babu ɗigon ruwa, kuma ko kwabo ba ta kashe a fenti ba.

Wata dabarar da ke cikin aikinta ita ce maimaici. Marfi ɗaya shara ne, marfi ɗari a jere kuwa ido ba ya iya wuce shi. Babban malamin wannan fanni maƙwabcinku ne. El Anatsui ɗan Gana ne, an haife shi a Anyako a 1944, ya zo Nijeriya a 1975 yana koyarwa a jami'ar Nsukka, kuma a nan ya yi mafi yawan rayuwarsa. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun marafen kwalaben giya da aka zubar, ya kai ɗakin aikinsa ya ajiye, ya daɗe bai taɓa su ba. Daga baya ya gano in an buɗe marfin alminiyam an daddaƙe shi ya miƙe, an huda gefunansa, ana iya ɗinke shi da ɗan'uwansa da siririyar wayar tagulla. Dubbai a haɗe sai su zama wani makeken mayafi na ƙarfe mai naɗewa da walƙiya. A 2007 ya lulluɓe fuskar wani tsohon gini da irinsa a birnin Venis na Italiya, a 2015 kuma babban bikin fasaha na birnin ya ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa. Shi ma ba don arha ya zaɓi marafen ba. Giya tana cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekunmu suna musaya da mutane. Ba sai kun nemi marfin giya ba, shi kansa ya yi aiki da marafen gwangwanin madarar Peak da tsofaffin magogin rogo. Abin ɗauka a wurinsa shi ne haƙuri. Samari da yawa ke zama a ɗakin aikinsa suna hudawa suna ɗaurewa, wata da watanni kafin aiki ɗaya ya kammala. Mai son irin wannan ba zai fara a daren ƙarshe ba.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don na san tana zukatan da yawanku, ko ta iyayenku. Malaman Musulunci sun tsananta a kan ƙera surar abu mai rai, musamman cikakkiya mai jiki, ko da yake sun yi bayanai a kan wasu rassa, kamar 'yar tsanar yara. An ruwaito cewa wani mai sana'ar yin surori ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi, sannan ya nuna masa mafita, ya riƙa yin bishiya da duk abin da ba shi da rai. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da yin mutum ko dabba ba, kada ya yi shiru ya ƙi aikin, kada kuma ya yi shi yana ƙunci. Ya samu malam tun makon farko, cikin ladabi, ya faɗa masa. Malamin da ya san fanninsa ba zai rage maki a kan wannan ba, don fagen yana da faɗi. Kujerar Kester ba ta da rai, mayafan El Anatsui ba su da rai, layin famfon yarinyar nan ma haka. Ga kuka da rassanta, ga ƙofar gari, ga rumbu, ga motar kasuwa da lodinta ya fi ƙarfinta. Ga kuma gadon da kakanninku suka bari na ado marar sura: dagi, da aska takwas ta babbar riga, da zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano. Ku gwada fitar da dagi da kacar babur ku ga. Abu ɗaya dai, allon karatu da duk takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah ba tarkace ba ne, kada su shiga buhunku.

Yanzu haɗi, inda mafi yawan ayyuka ke mutuwa. Ɗalibai sun yarda da gam fiye da kima. Farin gam na kafinta, irin su Top Bond, katako da kwali da takarda yake kamawa, kuma sai an danne an bar shi ya kwana. Gam ɗin masu gyaran takalmi na fata ne da roba, ana shafa shi a fuska biyu, a jira har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a buga. Sufa gulu ba ya cike gurbi, in fuskokin ba su zauna daidai ba ɓata kuɗi ne, kuma bugu ɗaya ke ɓalle shi. Mai bututu biyu da ake cakuɗawa daidai wa daida ya fi su kama ƙarfe, amma sai an kankare tsatsa an wanke maiƙo. Robar jarka da ta bokiti kuwa kusan ba gam ɗin da ke kama ta, ko kun ga kamar ta kama, gobe za ku ɓare ta da farce. Irin wannan huda ta ake yi a ɗaure. Ku riƙe ƙusa da filaya, ku gasa bakinta, ku huda a fili inda iska ke kaɗawa. Sannan ku nemi wayar ɗaurin rodi wurin masu kayan gini, ba ta da tsada, ku zura ku murɗe da filaya, ku lanƙwasa tsinin ciki don kada ya yagi mai ɗauka. Tsohon tif da aka yanka siri-siri yana ɗaure abin da waya za ta fasa. Ƙusa da noti sun fi kowane gam amana. In aikin na ƙarfe ne mai nauyi, ku shimfiɗa shi yadda kuke so, ku yi alama da alli a duk mahaɗa, ku kai wa mai walda, ku tsaya a kansa amma ku kau da ido daga wutar. Kuma kada ku ji kunyar ɗaurin ya fito fili. Waya da aka murɗa da tsabta ado ce, gam da ya dalalo ya bushe shi ne abin kunya.

Sai tsayuwa. Nauyi ƙasa yake zama, gindi kuma ya fi kai faɗi. Aiki mai tsayi yana son ginshiƙi a ciki, kuma mafi sauƙinsa shi ne a cika gwangwanin fenti da kwaɓaɓɓen siminti, a soka guntun rodi, a bar shi ya yi kwanaki, sannan a riƙa ɗaura komai a jikinsa. Ku tuna wannan ba zane ba ne da ake kallo ta gaba kawai. Ku ajiye shi a tsakar gida ku zagaya shi, ku tsuguna, ku leƙa ta sama. In ta baya ba abin da ake gani sai tsinin waya da kwali, aikin bai ƙare ba. Wurin da babu komai ma yana da aiki, ba dole ne a cusa wani abu a kowane rami ba. Kafin ranar kaiwa ku ɗaga shi ku girgiza da ƙarfi. Abin da zai faɗi gara ya faɗi a gida da ya faɗi a cikin adaidaita.

Fenti kuwa, ra'ayina ku bar shi sai in kun san dalilin shafa shi. Tsatsa launi ce, koɗewar roba a rana launi ce, baƙin hannu a ƙotar fartanya shekaru ne suka yi shi, kuma feshi ɗaya ke share su duka. Amma kada in rufe muku ƙofa. Louise Nevelson, wadda ta yi aiki a Niyok, takan tsinto ƙafafun kujeru da guntayen ƙofofi da katakon gidajen da aka rushe, ta jera su cikin akwatuna, ta ɗora akwatunan bisa juna har su zama bango, sannan ta shafe duka da baƙin fenti marar ƙyalli. Shahararren aikinta na 1958 haka yake. Ita ta shafa baƙi ne don launuka su yi shiru, ido ya koma kan siffa da inuwa. In dalilinku irin nata ne, bismillah. In kuwa don ku ɓoye kwashi-kwaraf ne, malam zai gane.

Bola ba ta da amana, wannan ku riƙe shi da kyau. Kada ku tona ta da hannu tsirara ko da silifas a ƙafa. Ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki, a ƙasa da kashin dabbobi take zama, kuma ta rami mai zurfi irin na ƙusa take shiga. Wanda ya taka ya wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ya je asibiti a ranar. Sirinji da duk sharar asibiti, galan ɗin maganin feshi ko an ɗauraye shi, da dogon ƙwan lantarki mai zaiba a ciki, duk ku bar su inda kuka gan su. Kada ku fasa batirin mota, akwai ruwan batir, akwai dalma. Mutanen Zamfara sun ga abin da ƙurar dalma ta yi a 2010, lokacin da ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Kada ku ƙona waya don fitar da tagulla, hayaƙin guba ne. A yankunan da aka yi fama da rikici, ƙarfen da aka gani a daji ba a san ko mene ne ba, ba a taɓa shi, manya ake faɗa wa. A 1987, a birnin Goiania na Birazil, wasu mutum biyu sun ciro wani ƙarfe daga asibitin da aka daina aiki da shi, suka sayar wa mai gwangwan. Da aka buɗe sai ga gari mai shuɗin haske a duhu, aka riƙa nuna wa dangi ana shafawa. Ashe sinadarin gasa cutar daji ne. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, kuma sai da aka auna mutane fiye da 100,000.

Sannan ba duk abin da aka gani a yashe ne ba shi da mai shi. Ƙarfen da ke gaban garejin bakanike kuɗi ne, a kilo ake sayar da shi. Ku yi sallama, ku gaishe shi, ku ce Baba, aikin makaranta aka ba mu. Da yawansu za su ba ku kyauta, har su tono muku abin da ba ku san akwai shi ba, wani ma ya huda muku da injinsa. Tsohon kwanon Inna da ke ƙarƙashin gado kuwa a tambaye ta kafin a huda shi, wataƙila na jerenta ne. Marfin kwatar gwamnati da wayar unguwa ba ma sa cikin lissafi.

In rukuni aka raba ku, ku raba aikin tun farko, masu tarawa, masu wankewa da hudawa, masu ɗauri, kada a bar wa mutum ɗaya sauran su fito ranar maki. Ku sa wa aikin suna gajere, kuma kowa a cikinku ya iya faɗin abu uku in an tambaye shi: me aka tara, a ina, don me aka zaɓe shi. Wani zai zo ya ce, to wannan kuma mene ne? Kada ku yi fushi, kada ku yi masa lacca. Ku tambaye shi me ya gani, sau da yawa zai faɗi abin da ku ba ku lura da shi ba.

Yawancin makarantu ba su da wurin ajiya, ƙarshen aikin shi ne bayan ofis, gara ta ci katakon, mai gwangwan ya kwashi ƙarfen. Don haka ku ɗauki hotonsa tun yana da lafiya. Ku jingina shi da bango marar ado, da safe ko da la'asar lokacin da inuwa ke fitar da siffa, ku ɗauka ta gaba da ta gefe da ta baya, da wani na kusa da ke nuna ɗaurin. Wanda ya yi sha'awar ci gaba, sashen fasaha na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana cikin mafi daɗewa a ƙasar nan, kuma waɗannan hotuna su ne farkon abin da zai riƙa nunawa. A ƙarƙashin kowane hoto ku rubuta sunan aikin, da shekara, da kayan da aka yi shi da su, da tsawonsa da faɗinsa a santimita.